Gurasar Kabari

Ni Shahat, jikan Umbarak, mutumin Kift.
Gadonmu ba gona ba ne, ba kanti ba,
kwando ne da buroshi da ƙaramin cebur,
da idon da ke gane inda hannu ya taɓa motsa ƙasa.

Kakana ya yi wa Bature tono da hasken fitila,
ubana ya yi wa ɗan Baturen.
Na buɗe littafin da suka buga, mai nauyin tubali:
ga sunan sarki, ga sunan karen sarki,
ga kakana a hoto, rungume da tulu,
an rubuta "wani lebura", shi ke nan labarinsa.

Ranar Talata, kafin rana ta fara cizo,
a wani rami yamma da Luksor,
buroshina ya tsaya a kan wani abu.
Ba zinariya ba. Ɓarayin da suka riga mu
da shekara dubu uku sun yi gaba da ita.
Abin da suka raina suka bari: kasko da gurasa.

Na ɗora ta a tafi, ba ta kai nauyin kurciya ba.
A gefenta, wallahi, shatin babban yatsa,
inda mai kwaɓi ta danna ƙullu cikin sauri,
ƙila jariri na kuka, ƙila mai bulala na tsaye.
Fir'auna ya sa an sassaƙa sunansa tsawon dabino,
ita yatsa ɗaya ta sa.

Shugabar tono ta manna mata lamba,
ta kwantar da ita cikin auduga.
Gilashi za ta shiga, da sanyin na'ura, da mai gadi.
Sai na tuna Sabriyya, ɗiyata da ke Imbaba,
mai fita tun assalatu da kati a hannu,
layi ya miƙe har ya sha kwanar masallaci,
biyar-biyar kowane kai, wanda ya makara ya rasa.

A bakinmu sunanta aish, wato rayuwa.
Ina yaro aka ƙara mata kuɗi,
tituna suka cika, gari ya kama da wuta,
kwana biyu hukuma ta haɗiye maganarta.
Shekarar dandali kuma, ɗana Fikri ya hau jirgin arewa,
ya ɗaga gurasa sama kamar tuta.
Ya dawo da ido ɗaya da disasshiyar murya.
Yanzu keke mai ƙafa uku yake tuƙawa,
in an kunna labarai, sai ya tashi ya ɗauki makullinsa.

Masu mulki sun zo ta kogi, ta teku, ta rairayi,
mai kambi, mai rawani, mai jar dara, mai kaki,
kowa ya kankare sunan wanda ya gada, ya rubuta nasa.

Nilu ma an yi masa dabaibayi a kudu,
ya daina kawo mana laka a kyauta.
Taki a buhu muke saya,
alkama kuwa sai jirgin ruwa ya ɗebo ta daga nesa.

Da la'asar muka zauna gindin tanti.
Abdurradi ya fasa albasa da dunƙule,
ga tsohon cuku mai gishiri, ga baƙin shayi.
Na kwance ƙunshina: gurasar rana,
irin wadda Bahiyya ke shanyawa a kan rufi ta kumbura.
Na juya ta zan gutsura,
sai ga shatin yatsa a gefe, daidai wurin,
na matar da ba ta taɓa rubuta sunanta ba.
Ban nuna wa kowa ba.
Na cinye, na karkaɗe riga, na koma rami,
don akwai sauran ƙasa.